Sitaci a Kan Baffa

A gidanmu na Nasarawo, ni ce na san sunan cutar, Goggo ta san maganinta, Hamma kuma ya ɗauki nauyin jin kunyarta. Dada, mahaifiyarmu, ita aka bar wa wankin zanin gado da ba da abinci a baki. Haka muka raba jinyar Baffa tsakani da Allah, kowa ya kama ɓangaren da ya fi gwaninta a kai.

Baffa shi ne mahaifinmu. Malamin dabbobi ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin rugage a kan babur, akwatin allura ɗaure a baya. Idan ya ga saniya sau ɗaya, ko bayan damina uku ya sake cin karo da ita a kara, zai faɗa maka garken da ta fito da ciwon da ya taɓa yi mata magani. Mu 'ya'yansa ba mu ci ribar wannan baiwa ba. Ƙaryar da ka yi masa kana aji uku tana nan a ajiye, ranar ɗaurin aurenka zai ciro maka ita fes, kamar jiya ka yi ta.

Abin ya faro ne a shekarun da garin Gombe gaba ɗaya ya koma rabin hankali, shi ya sa ba mu lura da wuri ba. Taya ta fashe a bakin tasha, sai kasuwa ta watse, mai tumatir ya bar tumatir, mai awo ta gudu da mudu a hannu. A ƙofar masallacin Juma'a ana shafa mutane da na'ura. A kowace mahaɗa akwai buhunan yashi da durom da soja, ɗan acaɓa ya sauka ya tura babur, fasinja ya bi shi a baya da hannu sama. A irin wannan zamani, don tsoho ya sa rediyonsa a cikin firij, wa zai ce wani abu? Ni kaina na taɓa zuwa makaranta da takalmi wari baƙi wari ruwan ƙasa, babu wanda ya tanka.

Sai ranar da ya fita sallar la'asar bai dawo ba. Gab da magariba wani mai keke ya kawo shi. A unguwar Madaki aka same shi, a ƙofar gidan da ya taɓa haya yana saurayi, yana ba mutanen gidan wa'adin fitar masa da kayansu daga ɗakinsa. Ya shigo yana faɗa, wai mutanen yanzu ba su da amana. Dada ta kalle ni, na kalle ta. Washegari muka kai shi asibiti.

Likitan matashi ne mai haƙuri. Ya tambayi Baffa yau wace rana ce, ya faɗa masa kalmomi uku ya ce ya riƙe, ya ba shi takarda ya zana agogo. Baffa ya jera duk lambobin a gefe ɗaya na da'irar, kamar tumaki sun taru a inuwa, sannan ya ajiye biro ya tambayi likita a wace makaranta aka koya masa yi wa dattawa wasan yara. Da aka nemi kalmomin nan uku, ya ce babu wanda ya ba shi ajiyar komai. Bayan gwajin jini da hoton kai, likita ya ja ni gefe ya ce alamu sun nuna cutar mantuwa ce, wadda ke ɗauke da sunan wani Bature. Ya fara yi min bayanin abin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa. Na ce ya huta, na sani.

Na kuwa sani, kuma nan ne abin dariyar yake. Ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata sakandare, ina kuma digiri na biyu a ƙarshen mako. Tun kafin Baffa ya fara sa rediyo a firij, malamin da ke duba aikina ya zaɓa min batu a kan wannan abin, ba don yana ƙaunata ba, sai don sauran batutuwan sun ƙare. Jikin mutum cike yake da furotin, kowanne kamar dogon zare ne da sai an naɗe shi wani irin naɗi na musamman kafin ya yi aikinsa. Wani lokaci naɗin ya kauce, sai ya manne da ɗan'uwansa da ya kauce, su yi ta jeruwa har su zama siraran tsinkaye masu taurin kai da jiki ke shan wahalar narkarwa. Aikina shi ne in dafa furotin na farin ƙwai a ruwa mai tsami kwana da kwanaki har ya zama irin waɗannan tsinkaye, sannan in zuba ruwan wani ganye in ga ko zai hana. A sashenmu ba a ba mutum digiri sai ya matse wani ganye. Masu wutar lantarki kuma suna taimaka min da ɗaukewa daidai kwana na biyu, in sake daga farko. Abokan karatuna suna kirana mai wainar ƙwai.

Yayanmu, wanda muke kira Hamma, wato yaya da Fulatanci, babban ma'aikaci ne, yana zaune a GRA, inda ko bam in ya tashi a cikin gari sai ya rage murya kafin ya iso. Ya kira taron dangi a falonsa. Goggo, yayar Baffa, ta zo da gorar rubutu da ƙullin turaren hayaƙi, don ita tun a hanya ta gama bincikenta. Hamma ya ce tunda an kashe wahala a kan karatuna, in yi bayani.

Na miƙe kamar ina gaban aji. Na ce, "Abin da ke taruwa a kan Baffa sunansa amiloyid."

Goggo ta gyara zama. "Musulmi ne?"

"Goggo, ba aljani ba ne."

"Da wannan sunan? Ai ko a tsakar rana aka kira shi sai tsigar jikin mutum ta tashi."

Don in kwantar mata da hankali, sai na tafka babban kuskuren rayuwata. Na ce ma'anar sunan kawai mai kama da sitaci, domin waɗanda suka fara ganinsa sun ɗiga masa aidin ya canza launi kamar yadda sitaci ke yi, sai suka zaci shi ne. Na ƙara da cewa kuskure suka yi, ba sitaci ba ne, furotin ne. Na maimaita kalmar kuskure sau biyu. Goggo ba ta ji ko ɗaya ba. Sitaci ta ji, kuma sitaci ta ɗauka ta tafi da shi.

Kafin mako ya zagayo, an kafa doka a gidanmu. Babu tuwo, babu kunu, babu shinkafa, babu rogo, babu fura. Goggo ta tare a ɗakin tsakiya don tabbatar da bin doka. Baffa, wanda tun yana yaro bai taɓa kwana ba tuwo a cikinsa ba, aka mayar da shi kan dafaffen zogale da romon kifi. Duk wanda ya zo dubiya sai Goggo ta nuna ni da baki ta ce, "'Yar bokon ce da kanta ta gano. Tuwon shekara saba'in ne ya hau masa kai ya daskare." Mutane su girgiza kai su ce lallai ilimi ya yi rana. Wata maƙwabciyarmu har ta rage wa mijinta malmala ɗaya.

Dada ba ta yi musu da kowa ba, ba halinta ba ne. Idan Goggo ta shiga wanka, sai ta fito da kwano daga ƙarƙashin gado, tuwon masara da miyar kuka da man shanu, ta zauna ta ba shi a baki. Da farko na ji tsoron zai tona mana asiri. Goggo ta fito tana goge fuska ta ce, "Ka ci wani abu?" Baffa, da man shanu yana ƙyalli a gemunsa, ya rantse rabonsa da abinci tun shekaranjiya, kuma ya yi imani da abin da ya faɗa. A iya sanina wannan ne alheri ɗaya tak da cutar ta yi mana.

Na sake gwada wayar da kan Goggo wata ranar Asabar, tana tsinke zogale a tsakar gida. Na ce mata wannan abin ba a kan marasa lafiya kaɗai yake ba, ita ma tana da shi, ni ma haka, kuma da babu shi da mun shiga uku. Launin fatarmu a kan irin waɗannan tsinkaye jiki ke shimfiɗa shi, kamar yadda ake kafa zare kafin a yi saƙa, kuma su ne ke tsare dafin da ke fita wajen haɗa launin. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar gaɓa da ke ajiye sinadaran aika saƙo a dunƙule cikin irin wannan siffa, sai an buƙace su ta warware ta saki. Wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, da shi suke gina yauƙin da suke fakewa a ciki. Har ɗan mitsitsin ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro, masana sun ga da irin wannan dunƙulewa yake riƙe abin da ya koya don kada ya manta.

Goggo ta dakata da tsinkar. "Ƙuda?"

"Ƙuda, Goggo."

"Wato abin da ya sa ƙuda yake tuna hanyar mangwaro, shi ya sa ƙanina ya manta hanyar gidansa?"

Na ce ba furotin ɗaya ba ne, siffar ce ɗaya. Bambancin shi ne, ɗaya jiki ne ya shirya shi, a wurin da ya dace, kuma yana iya kwance shi. Ɗayan kuwa shi ya shirya kansa, babu mai ce masa ya isa.

"To ai ka ji," in ji ta. "Rashin tarbiyya."

Ganin na samu shiga, sai na zarce. Na ce ita ma ciwon sugan da take fama da shi, sau da yawa akan sami irin wannan tari a gaɓar da ke samar da insulin. Nan fa ta ture tiren. Ta ce ita suganta gado ne daga wajen kakarsu, mai asali ne, kada in haɗa mata shi da wani sitacin Turawa. Ta tashi ta shiga ɗaki, inda take ɓoye kwalbar lemo a bayan akwati tana zaton ba mu sani ba.

Hamma kuwa nasa taimakon na kaya ne. Ya aiko da keken guragu, alhali Baffa ya fi shi saurin tafiya. Ya aiko da babban kwaɗo aka sa a ƙofar gida. Idan abokan aikinsa suka ce za su zo gaishe da tsoho, sai ya ce Baffa yana hutawa, likita ya hana hayaniya. Shekara biyu Baffa yana hutawa a bakin Hamma. A gida kuwa yana zagaye tsakar gida tun hantsi har yamma yana ƙirga shanun da babu su. Hamma ya gargaɗe ni kada in yarda kalmar taɓin hankali ta fita, don akwai 'yan mata a dangi da ba su yi aure ba, kuma akwai maganar ƙarin girma a ofis. Ban san wanne ya fi damunsa ba, amma na san wanne ya fara ambata da muka keɓe.

Turanci ne ya fara barin Baffa. Mutumin da ke gyara wa mai karanta labarai nahawu daga kan tabarmarsa, ya wayi gari yana kallon jarida a juye. Daga baya Hausa ta bi sahu, kalma bayan kalma, har ya koma Fulatanci zalla, irin na ruga da ya sha a nono. Ni kuwa Fulatancina na gaisuwa ne da sayen kindirmo. Dada ta zama tafinta, kuma na lura fassararta tana da tsabta fiye da kima. Baffa zai yi ta faɗa da jijiyar wuya a miƙe yana nuna Goggo, sai Dada ta ce, "Ya ce sannu da ƙoƙari." Ni ya daina sanina. Kullum da safe zai gaishe ni da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa baƙuwa, ya tambayi Dada 'yar gidan wa ce wannan. Nakan amsa gaisuwar, in je makaranta in koya wa yara yadda sinadarai ke haɗuwa, in shiga ɗakin malamai in rufe ƙofa na ɗan lokaci.

Sai ranar da aka wayi gari da harbi daga bayan gari. Jirgin yaƙi ya yi ta kewaya sama har kwanon ɗaki yana rawa. Kafin hantsi rediyo ta sanar da dokar hana fita, ba dare ba rana, duk wanda aka gani a titi ya kuka da kansa. Goggo ta fita tun da sassafe karɓo sabon rubutu, ta dawo a guje da gora a hammata, ta faɗa ɗaki tana salati. Kwaɗon Hamma ta bar shi yana lilo a buɗe.

Da azahar Dada ta kai wa Baffa ruwan alwala, ta tarar da tabarma babu kowa. Muka duba banɗaki, muka duba bayan ɗakin girki. A jikin ƙusa babu tsohuwar rigarsa ta kaki, a ƙarƙashin gado babu akwatin allurarsa na ƙarfe. Ya tafi aiki.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Tsoho da akwatin ƙarfe a hannu, yana tafiya kai tsaye zuwa wurin sojojin da tun asuba ake harbinsu, kuma ko da Hausa aka ce ya tsaya ko da Turanci, ba zai gane ba. Na kira Hamma, da ƙyar layi ya shiga. Ya ce mu kwantar da hankali, kada kowa ya fita, yana neman lambar wani babba. Ya ƙara da cewa in an tambaya kada a ce mahaifinsa ne tukuna. Goggo ta kunna turaren hayaƙi. Dada ta ɗauki mayafi za ta fita, na riƙe hannunta na ce ta zauna, ƙafata ta fi tata.

Na fita da katin shaidar aikina a hannu. Titin Nasarawo da kullum keke da acaɓa ke gogayya a kai, ranar har kukan kurciya ana ji. Teburan masu kayan miya a kife, wata akuya tana cin albasa hankali kwance, ita kaɗai dokar ba ta shafa ba. Na bi hanyar da ke zuwa tsohon ofishin su Baffa. Daga nesa na hango buhunan yashi, aka daka min tsawa. Na tsaya na ɗaga hannu. A shekarun nan mace mai hijabi da ke tafiya ita kaɗai ba abin tausayi ba ce, abin tsoro ce. Aka ce in ɗage hijabin in nuna ƙuguna, in juya, in sake juyawa. Na yi duka, ina ta maimaita cewa mahaifina nake nema, tsoho ne, ba shi da lafiya.

Wani kofur ya sauke bindiga ya yafito ni. Da na matso, ya nuna min gindin bishiya da haɓa.

Baffa yana zaune a kan benci, rigar kaki a jiki, maɓallan a karkace. Akwati a buɗe a gefensa. A tsakanin gwiwoyinsa akwai wani rago da aka kwantar, soja ɗaya ya danne masa wuya, bindigarsa rataye a baya. Baffa yana fere kofaton ragon da 'yar wuƙa, yana faɗa. Da Hausa. Hausa tsantsa wadda rabon da in ji ta a bakinsa an fi wata shida.

"Wane mara tunani ne ya ɗaure dabba a cikin laka? Kun ga yadda kofaton ya ruɓe? Ku kawo ruwan gishiri mai ɗumi. Kai, riƙe da kyau, ba amarya aka ba ka ba."

Sojan ya ce, "To, Baba."

Kofur ɗin mutumin kudancin jiharmu ne, Batangale, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Ya ce ragon kyauta ce wani ya kawo musu, kwana uku yana ɗingishi. Ya ce sun hango tsoho yana tahowa da akwati, sun yi tsawa bai tsaya ba, sun harba sama bai ko waiga ba. Ɗaya daga cikinsu har ya saita. Sannan kofur ɗin ya ce, "Tafiyarsa na kalla, Malama. Mai son kashe mutane ba ya tsayawa ya gaishe da durom. Kakata haka ta yi kafin ta rasu."

Suka sa shi ajiye akwatin daga nesa, suka buɗe da dogon sanda. A ciki akwai tsohon sirinji na ƙarfe, da wuƙar kofato, da silifa wari ɗaya, da murfin butar Dada da muka yi wata biyu muna zargin 'yan gwangwan da shi. Kafin su gama dubawa, Baffa ya hango ragon.

Na durƙusa kusa da shi na ce, "Baffa, sannunku da aiki."

Ya ɗago ya dube ni. "Wannan fa?"

Kofur ya ce, "'Yarka ce, Baba."

"To madalla. Riƙe min ƙafar nan."

Na riƙe ƙafar rago, hawaye yana zuba a kan hannuna, shi kuma yana nuna min inda ake yankewa da inda ba a taɓawa, a natse, kamar yadda yake koya mana karatu muna yara. Hannunsa ko rawa ba ya yi.

Da aka gama, kofur ya tambaye ni sunan cutar. Na faɗa masa, har na fara zancen naɗin furotin, don mai hali ba ya fasa halinsa ko a bakin bindiga. Ya saurara da ladabi, sannan ya ce, "Tana da magani?" Na ce wanda ke warkarwa babu tukuna. Ya gyaɗa kai. Ya ce a ƙauyensu da kakarsa ta fara yawo tana kiran matattu da suna, mayya aka ce da ita, yara suna jifanta, har 'yan ɗakinsu suka daina cin abinci a kwano ɗaya da ita. Ya ce in rubuta masa sunan a takarda, zai kai wa mahaifiyarsa ta gani. Na rubuta a bayan takardar sigari da haruffa manya. Ya ninke ya sa a aljihun gaba. Sannan ya sa aka rako mu har ƙofar gida, Baffa a gaba yana riƙe da akwatinsa, yana ba sojan umarnin a sake wanke ƙafar da safe.

Kafin mu kai zaure Hausar ta sake tafiya. Ba ta ƙara dawowa ba.

Goggo ta ce hayaƙinta ne ya rufe idon bindiga. Hamma ya iso bayan kwana biyu da aka sassauta doka, ya ce ai babban da ya kira ne ya ba da umarni daga sama, shi ya sa aka yi mana mutunci. Ya kawo kwaɗo na biyu. Dada kuwa ta wanke murfin butarta ta mayar a kan buta. Dokar sitaci kuwa ta mutu da kanta a makon, don Dada ta fito da tuwo tsakar gida a gaban kowa, ta ce mutumin da ya tsallake harsashi ba malmala ce za ta kashe shi ba. Wannan ce jimla mafi tsawo da na taɓa ji ta faɗa wa Goggo.

Baffa ya ƙara damina biyu. A ƙarshe haɗiya ta gagare shi, ya rasu wata ranar Talata da hantsi, kansa a kan cinyar Dada. A wajen zaman makoki na ji Hamma yana gaya wa manyan baƙinsa cewa gajeriyar rashin lafiya ce, kuma tsoho ya cika da hankalinsa garau. Na ci gaba da raba ruwa.

Digirina na gama bayan nan. Ruwan ganyen ya ɗan rage taruwar tsinkayen a cikin kwalbar gwaji, kamar yadda ruwan ganyen kowa ke yi a cikin kwalbar gwaji. Malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya jarraba ni ya shafe rabin sa'a a kan faɗin gefen takarda da wurin da ya kamata in sa waƙafi.

Wata rana ina cikin aji, aka ce ina da baƙo. Na fito na tarar da motar Hamma a bakin ƙofar makaranta, gilas a rufe. Bai taɓa zuwa wurin aikina ba. Na shiga, ya sallami direba ya je ya sha iska. Ya tambayi lafiyar yara, ya tambayi aiki, ya yi zancen zafi. Sannan ya ce, yana kallon sitiyari, jiya ya yi minti goma yana neman tabarau alhali yana fuskarsa, kuma a wajen taro sunan wani abokin aikinsa ya ɓace masa ɗif.

"Wannan abin naki," in ji shi, "ana gadonsa?"

Na so in ja masa rai, Allah ya sani na so. Amma na ga hannunsa a kan gwiwa, irin hannun Baffa sak. Na ce masa irin wanda ke bin jini kai tsaye kaɗan ne, kuma yakan zo da wuri. Na Baffa na tsufa ne, haɗarinmu ya ɗan fi na wasu amma ba hukunci ba ne. Neman tabarau kuma kowa na yi. Na ce ya kula da hawan jininsa, ya rage zaƙi, ya riƙa taka ƙasa da ƙafarsa maimakon a kai shi masallacin layinsu a mota. Ya ciro biro ya rubuta, har da lamba ɗaya, biyu, uku.

Da zan fita ya riƙe ƙofar ya ce, "Kada kowa ya ji na tambaya."

Na yi masa alkawari, kuma na cika, don har yau ban faɗa wa kowa sunansa ba.